Keith Ellison: Lauyan Da Ya Bar Majalisar Amurka Don Ya Koma Kotu

In aka ambaci Keith Ellison, abin da mafi yawan mutanenmu ke tunawa hoto ɗaya ne: wani baƙar fata cikin kwat, hannunsa a kan Alƙur'ani, Nancy Pelosi, kakakin majalisar a lokacin, na tsaye a gefensa tana murmushi. Ranar 4 ga Janairu 2007 ke nan, ranar da Musulmi na farko ya shiga Majalisar Wakilan Amurka. An yi murna sosai a lokacin, kuma murnar tana da dalili. Sai dai wanda ya bi rayuwar mutumin daga farko zai ga cewa wannan hoto shi ne mafi ƙarancin nauyi a cikin ayyukansa. Shekara 12 da ya yi a majalisa sun ba shi suna, amma ikon da ya taɓa rayuwar mutane kai tsaye sai da ya bar Washington ya same shi, a wani ofishi na jiha da ko Amurkawa da yawa ba su damu da sanin mai riƙe da shi ba.

An haife shi a Detroit ranar 4 ga Agusta 1963, na uku cikin 'ya'ya maza biyar. Gidan 'yan boko ne masu rufin asiri: uban likitan ƙwaƙwalwa, uwar ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, kuma 'yan ɗarikar Katolika ne. Makarantar sakandaren da ya yi ma ta limaman Katolika ce. Yana da shekara 19, yana karatun tattalin arziki a Jami'ar Wayne State, ya karɓi Musulunci. Daga nan ya wuce Jami'ar Minnesota, ya gama karatun lauya a 1990. Wani ɗan'uwansa fasto ne a coci, shi kuma yana zuwa sallar Juma'a, babu wanda ya kori wani daga gida.

Abin da ya yi da takardar lauyan shi ne mabuɗin fahimtar sauran labarin. Bayan 'yan shekaru a wani kamfanin lauyoyi, ya karɓi shugabancin Legal Rights Center a Minneapolis, cibiyar da ke kare talakawan da ake tuhuma da laifi kuma ba su da kuɗin ɗaukar lauya. Wannan aiki ba shi da ƙyalli. Kullum kana kotu da yaron da aka kama da ƙwaya ko da bindiga, shaidar da ke gabanka ɗan sanda ne, rahoton da alƙali ke karantawa ɗan sanda ne ya rubuta, kai kuma aikinka ka nemo inda rahoton ya saɓa da abin da ya faru. Wanda ya shafe shekaru yana wannan ya san yadda ake rubuta irin rahoton, ya san jimlolin da ake maimaitawa, ya san inda ake ɓoye abu. Bayan shekara kusan 30, wannan ilimin ne ya yi masa rana.

A waɗancan shekarun ne kuma ya ɗauko wa kansa kayan da bai taɓa saukewa gaba ɗaya ba. Yana ɗalibi ya rubuta maƙaloli a jaridar jami'a yana kare Louis Farrakhan, shugaban ƙungiyar Nation of Islam, sannan ya taimaka wajen tattara mutanen Minnesota zuwa gangamin maza miliyan ɗaya da Farrakhan ya kira a Washington a 1995. Ya kamata mai karatu ya san cewa wannan ƙungiya, duk da sunanta, aƙidarta ta sha bamban da Musuluncin da muka sani, kuma an daɗe ana zargin shugabanta da kalaman ƙin Yahudawa. A 2006 Ellison ya rubuta wa shugabannin Yahudawan Minnesota wasiƙa ya nesanta kansa da ƙungiyar, ya ce bai yi bincike yadda ya kamata ba a lokacin. Wasu sun karɓa. Abokan hamayya kuwa, duk zaɓen da ya shiga sai sun tono zancen.

Yadda ya samu kujerar majalisa ba abin mamaki ba ne in ka san mazaɓar. Mazaɓa ta biyar ta Minnesota ita ce birnin Minneapolis da kewayensa, kuma tun 1963 tana hannun jam'iyyar Democrat. A irin wannan wuri zaɓen gaskiya shi ne na fid da gwani, na watan Nuwamba cika ƙa'ida ne kawai. Martin Sabo ya riƙe kujerar tun 1979, da ya ce zai huta a 2006, sai Ellison, wanda a lokacin yake cikin shekararsa ta huɗu a majalisar jiha, ya samu goyon bayan jam'iyya ya kuma ci fid da gwani a watan Satumba. Bai ci don ƙuri'ar Musulmi ba, domin ba su kai yawan da za su zaɓi kowa su kaɗai ba, ko da an haɗa da dubban 'yan Somaliya da suka zauna a birnin. Turawa masu adawa da yaƙin Iraƙi, ƙungiyoyin ƙwadago da baƙaƙen fatar arewacin birnin su ne ƙashin bayansa. Shi ne kuma baƙar fata na farko da Minnesota ta tura majalisar tarayya.

Sai rigimar rantsuwa ta taso, kuma ita ce ake yawan ba da labarinta a karkace. Da aka ji zai yi amfani da Alƙur'ani, wani marubuci mai ra'ayin riƙau, Dennis Prager, ya ce duk wanda ba zai rantse da Baibul ba bai kamata ya shiga majalisa ba. Wani ɗan majalisa daga Virginia, Virgil Goode, ya rubuta wa mutanen mazaɓarsa cewa in ba a tsaurara dokar shigi da fici ba, za a ga ƙarin Musulmi suna cin zaɓe suna neman Alƙur'ani. Abin dariyar shi ne Ellison ba baƙo ba ne. Ya ce asalin danginsa a ƙasar ya koma har 1742, a Louisiana, wato kafin a kafa Amurkar kanta. Wani mai shirin talabijin, Glenn Beck, ya dube shi ido da ido ya ce masa yana jin kamar ya nemi ya tabbatar masa ba ya yi wa maƙiyan Amurka aiki.

Duk wannan hayaniya a kan abin da doka ba ta ma san da shi ba aka yi ta. Sashe na shida na tsarin mulkin Amurka ya hana a gindaya wa kowa sharaɗin addini kafin ya riƙe muƙami. Rantsuwar 'yan Majalisar Wakilai kuwa a tare ake yin ta: duka 435 su miƙe a zauren, su ɗaga hannun dama, kakaki ya karanta, su amsa. Babu littafi a hannun kowa da doka ta wajabta. Bayan an gama ne kowa ke zuwa wani ɗaki da iyalinsa a sake kwaikwayon rantsuwar don ɗaukar hoto, a nan ne mai so ke riƙo Baibul ɗin kakarsa. Wannan ya bambanta da abin da muka saba gani a Najeriya, inda ake miƙa wa mai muƙami Alƙur'ani ko Baibul a wurin rantsuwar kanta.

Amsar da Ellison ya bayar amsar lauya ce. Maimakon ya tsaya musu, sai ya aika wa Laburaren Majalisa ya aro Alƙur'anin Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku kuma marubucin takardar ayyana 'yancin ƙasar. Tarjama ce ta Turanci da George Sale ya yi, bugun 1764 cikin juzu'i biyu, Jefferson ya saye ta yana matashi yana karatun shari'a. Ta shiga hannun majalisa a 1815, lokacin da Jefferson ya sayar mata da littattafansa 6,487 bayan sojojin Ingila sun ƙone ginin majalisar a 1814, kuma ta tsira daga wata gobarar da ta cinye mafi yawan tarin a 1851. Kar a ɗauka Jefferson masoyin Musulunci ne, ko Sale ya yi tarjamar don yaɗa addini, gabatarwar littafin ma ta Kirista ce mai neman hujjar jayayya. Amma a siyasance dabarar ta ci. Jefferson ɗan Virginia ne, mahaifarsa tana cikin mazaɓar Goode ɗin nan. Ellison ya bi Goode har cikin zaure ya miƙa masa hannu. A zaɓen 2008 Goode ya faɗi da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu ba.

To me ya yi da kujerar? A nan sai an fahimci yadda majalisar take. Wa'adi shekara biyu ne, don haka ɗan majalisa bai gama zama ba ya fara neman kuɗin zaɓe na gaba. Jam'iyyar da ke da rinjaye ita ke riƙe da duk kwamitoci, ita ke yanke ƙudirin da zai zo gaban zaure. Daga 2011 har ya tafi a farkon 2019, 'yan Republican ne ke da rinjaye, ma'ana shekara takwas cikin 12 yana ɓangaren marasa rinjaye. Mutum ɗaya cikin 435, a ɓangaren da ba ya mulki, kuma a gefen hagu na jam'iyyarsa: irin wannan abin da ya fi mallaka shi ne murya.

Duk da haka akwai abubuwan da suka zama doka. A 2009, lokacin da bankuna ke ƙwace gidaje bayan durƙushewar tattalin arziki, ya jagoranci dokar da ta ba ɗan haya wa'adin aƙalla kwana 90 in an ƙwace gidan daga mai gidansa, maimakon a watso masa kaya waje kan bashin da ba shi ya ci ba. Akwai kuma matsalar aika kuɗi Somaliya, wadda duk mai ɗan'uwa a ƙasar waje zai gane zafinta. Somaliya ba ta da bankunan da ke hulɗa da na Amurka, don haka direban tasi ko mai aikin asibiti a Minneapolis sai ya kai dalarsa wani ƙaramin shagon hawala, shagon ya tura ta asusunsa na banki, wakili a Mogadishu ya biya uwarsa. Bankunan Amurka suka tsorata da dokokin hana tallafa wa ta'addanci, suka shiga rufe asusun shagunan, har a ƙarshen 2011 harkar ta tsaya cak na ɗan lokaci. Ellison ya bi maganar har Shugaba Obama ya sa hannu a wata doka a 2014 da ta sauƙaƙa binciken da ake yi wa shagunan. Ba ta kawar da matsalar ba, bankuna sun ci gaba da ɗari-ɗari, amma ta rage.

Sauran kuwa murya ce. Ya yi aikin Hajji a 2008 yana kan kujera. Ya shiga Gaza a Fabrairun 2009 bayan yaƙi. A Afrilun shekarar 'yan sanda suka kama shi a ƙofar ofishin jakadancin Sudan a Washington yana zanga-zanga kan Darfur, abin da ya nuna ba ya kallon addinin gwamnati kafin ya soke ta. A 2011, da ɗan majalisa Peter King ya kira zaman sauraron ba'asi kan tsattsauran ra'ayi a tsakanin Musulmin Amurka, Ellison ya fashe da kuka yana ba da labarin Mohammad Salman Hamdani, matashin Musulmi ma'aikacin agaji da ya mutu a ginin da aka kai wa hari a New York ranar 11 ga Satumba 2001 yana ƙoƙarin ceto mutane, aka kuma yi ta raɗe-raɗin yana cikin maharan. A Yulin 2015 ya faɗa a talabijin cewa Donald Trump na iya zama ɗan takarar Republican, waɗanda ke zaune da shi suka kwashe da dariya. Ya nemi shugabancin jam'iyyar Democrat a 2017 da goyon bayan Sanata Bernie Sanders, tsohon zancen Farrakhan da kalaman Ellison ɗin kan Isra'ila suka dawo, Tom Perez ya kayar da shi da ƙuri'a 235 da 200.

A 2018 ya yi abin da ya ba mutane mamaki. Ya bar kujerar da zai iya riƙewa har tsufa, wadda Ilhan Omar ta gada, ya nemi zama Antoni Janar na Minnesota. A wurinmu wannan muƙami naɗi ne, gwamna ko shugaban ƙasa ke bayarwa, shi ke kuma karɓewa. A mafi yawan jihohin Amurka, har da Minnesota, jama'a ke zaɓensa, gwamna ba zai iya korarsa ba. Yana da ɗaruruwan ma'aikata, kuma ba ya buƙatar rinjayen kowa kafin ya maka kamfani ko gwamnatin tarayya a kotu. Zaɓen ya zo masa da wuya. Wata tsohuwar budurwarsa ta zarge shi da cin zarafi, ya musanta, lauyar da jam'iyya ta ɗauka ta ce ba ta samu abin da ya tabbatar da zargin ba, amma tabon ya rage masa ƙuri'a. Ya ci da ƴar rata.

Ranar 25 ga Mayu 2020, ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, da gwiwa na minti 9 da daƙiƙa 29 a kan titi a Minneapolis, kan zargin Floyd ya ba da jabun dala 20 a wani kanti. Sanarwar farko da rundunar 'yan sandan birnin ta fitar cewa ta yi wani mutum ya mutu bayan ya samu matsalar rashin lafiya yayin hulɗa da 'yan sanda. Ba a ambaci gwiwa ba. Bidiyon wata yarinya 'yar shekara 17 ne ya ƙaryata su.

A dokar Minnesota, shari'ar kisa aikin babban mai gabatar da ƙara na gunduma ne, Antoni Janar ba ya shiga sai an gayyace shi ko gwamna ya ba shi umarni. Matsalar ita ce mai gabatar da ƙara na gunduma kullum da 'yan sandan nan yake aiki, su ne shaidunsa a kowace shari'a. Tarihin jihar ma bai ba mutane ƙwarin gwiwa ba. Ba a tuhumi 'yan sandan da suka harbe wani baƙar fata, Jamar Clark, a 2015 ba. Ɗan sandan da ya harbe wani baƙar fatar, Philando Castile, a 2016 kuwa, kotu ta wanke shi. Ɗan sandan da aka samu da laifin kisa a bakin aiki kafin nan shi ne Mohamed Noor, ɗan asalin Somaliya, wanda ya harbe wata baturiya, kuma baƙaƙen fata ba su kasa lura da hakan ba. Birni na ci da wuta, sai Gwamna Tim Walz ya miƙa wa Ellison shari'ar. Ranar 3 ga Yuni ya ɗaga tuhumar Chauvin zuwa kisa mai mataki na biyu, ya kuma tuhumi sauran 'yan sanda uku da ke wurin.

Ni a ganina mafi kyawun shawarar da ya yanke ita ce ƙin tsayawa da kansa gaban kotu. Ɗan siyasa ne, kuma duniya duka na kallon shari'ar kai tsaye, wani da ya mamaye kyamara. Shi sai ya zauna a baya ya haɗa tawaga, ya jawo gogaggun lauyoyi daga waje irin su Jerry Blackwell da Steve Schleicher, waɗanda suka yi aikin kyauta. Ya san ta inda lauyan mai kare kai zai ɓullo domin shi ma ya zauna a wannan kujera. Hujja biyu ce: cewa ƙwaya da ciwon zuciya ne suka kashe Floyd, da cewa Chauvin ya bi horon da aka ba shi. Don rushe ta farko suka kawo Dakta Martin Tobin, ƙwararren likitan huhu, wanda ya sa masu taya alƙali yanke hukunci suka taɓa wuyansu da hannunsu yana nuna musu inda iska ke wucewa, ya nuna musu a bidiyo yadda Floyd ke dogara ɗan yatsansa da tayar mota don ya ɗaga ƙirji ya shaƙi numfashi. Don rushe ta biyu suka kawo shugaban 'yan sandan birnin kansa, Medaria Arradondo, ya rantse ya ce abin da Chauvin ya yi ba ya cikin horo ko ƙa'idar rundunar. Da haka shari'ar ta tashi daga tuhumar 'yan sanda gaba ɗaya, abin da mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci ba za su taɓa haɗa baki a kai ba, ta koma tuhumar mutum ɗaya da abokan aikinsa suka ce ya kauce. Ranar 20 ga Afrilu 2021 aka same shi da laifi a duka tuhuma uku, aka yanke masa shekara 22 da rabi. Ellison ya ce shi ba zai kira wannan adalci ba, tun da adalci na nufin mayar da abin da aka rasa, sai dai a ce an sa mai laifi ya amsa laifinsa. A ƙarshen shekarar ofishinsa ya sake samun nasara kan Kim Potter, 'yar sandan da ta harbe Daunte Wright ta ce ta ɗauka na'urar girgiza jiki ta zaro.

Waɗanda suka ɗauke shi gwarzo ba su daɗe ba suka ga iyakarsa. A Fabrairun 2022 'yan sanda suka buɗe ƙofar wani gida da asuba ba sallama, da takardar izinin da ta ba su damar yin haka. Amir Locke, ɗan shekara 22, yana barci a kan kujera cikin bargo, ba shi ake nema ba, bindigar da ke hannunsa kuma ta halal ce a doka. Cikin daƙiƙa kusan goma aka harbe shi. Ellison da mai gabatar da ƙara na gunduma suka ce ba za su tuhumi kowa ba. Dalilin yana cikin ma'aunin da Kotun Ƙoli ta kafa tun 1989: ba a tambayar ko wanda aka kashe yana da laifi, ana tambayar ko ɗan sanda mai hankali da ke wurin a wannan daƙiƙar zai ga haɗari. Bindiga ta bayyana a bidiyo, don haka ba za a iya tabbatar da laifi ba tare da kokwanto ba. Mahaifiyar yaron ta fito ta ce abin ya ba ta ƙyama. Masu zanga-zangar da suka yi masa tafi bara suka koma zaginsa.

Daga ɗaya ɓangaren ma bai tsira ba. Ya goyi bayan shawarar maye gurbin rundunar 'yan sandan Minneapolis da sabuwar hukumar tsaro, mutanen birnin suka yi watsi da ita a ƙuri'ar 2021, 'yan Republican kuma suka rataya masa hauhawar laifuka a wuya. A 2022 ya tsallake da ratar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a kan Jim Schultz, lauyan da bai taɓa riƙe muƙamin siyasa ba. Bayan 'yan watanni, a 2023, sabuwar mai gabatar da ƙara ta gunduma, Mary Moriarty, wadda shi kansa ya mara wa baya a zaɓe, ta yi sassauci ga wasu yara biyu da aka tura suka kashe wata matashiyar uwa a gidanta. Dangin matar suka yi kuka, Ellison ya nemi gwamna ya ƙwace shari'ar daga hannunta ya ba shi, gwamna ya amince. Moriarty, wadda ita ma lauyar talakawa ce a da, ta ce wannan taka zaɓin jama'ar gundumar ne, kuma lauyoyi da dama da suka taso tare da shi a wancan aiki suka goyi bayanta.